Ruwan Toka da Tanon Baffa

Na ji abin da ake ƙullawa, kada ku ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. Wai in jikokin Baffa Isufu sun zo bikin nan na bayan salla, in tashi a gaban jama'a in ce abin da na yi wa kakansu ƙuruciya ce, a yafe juna a wuce wurin. Ke Hadiza, 'yata, ke kika kawo mini saƙon, kina ta sunkuyar da kai kamar ke kika yi laifin. To ga amsata a rubuce, don na san halinku, in na faɗa da baki sai kun rage mata gishiri kafin ta isa inda aka aike ta. Na haura shekara ashirin a lokacin, hankalina ɗaya, kuma da idona biyu na yi abin da na yi.

Ran nan ma na biya ta shagon Laminu, autana, mai sayar da man inji a bakin tasha. Na tarar da shi da bido biyu, wato galan na mai, a hannu yana yi wa wani mai mota karatu. Wai wannan mineral ne, daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo shi, aka dafa, aka tace, amma duk tatar da za a yi masa sai ya taho da ɗan halin ramin da ya fito. Wancan kuwa santetik, mutane ne suka haɗa shi da hannunsu a masana'anta, ƙwaya-ƙwaya, kowace daidai da 'yar'uwarta, shi ya sa zafi ba ya saurin gajiyar da shi. Har ya ƙara da cewa akwai wani wanda asalinsa na ƙasa ne, amma an wahalar da shi a wuta har masu shi suna kiransa santetik, wasu kuma suna musu. Na zauna ina dariya ni kaɗai. Yaron nan yana magana kamar shi ya fara gano cewa mai yana da asali, bai san a kan asalin mai uwarsa ta rasa gidan ubanta ba.

A zamaninmu, nan Matamaye, lokacin Nasara na sauran 'yan shekaru su tafi, mai iri biyu muka sani. Akwai man gona, wato na gyaɗa da riɗi da aduwa da kaɗanya, akwai kuma man ƙasa da ake kawowa daga Kano a cikin tano, wato duro, don injin mota. Ni ba a makaranta na koyi bambancinsu ba, a gindin murhun Inna Kande na koya. Mahaifina ya rasu ina goye, ƙanensa Baffa Isufu ya ɗauke ni, matarsa Inna Kande ta raine ni, ban taɓa sanin maraici a gidan nan ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da sabulu. Mu ƙona karan gero, mu tara tokar a tukunya mai huji, mu zuba ruwa ya riƙa ɗiga, ruwan tokar nan mai cizon harshe shi muke dafawa da mai har ya kama ya zama sabulu. Wata rana ina yarinya na samo ragowar man mota a gwangwani, na ce mu gwada. Muka dafa shi tun hantsi har azahar, yana nan a saman ruwa yana kallonmu.

"Bar shi, Rakiya," in ji Inna. "Duk man da ya fito daga abu mai rai yana jin maganar toka. Wannan ba a gona aka haife shi ba, ba ya gaisawa da kowa."

Baffa shi ne mai riƙe da makullin mangaza, wato ɗakin ajiyar wani Alhaji ɗan kasuwa na Damagaram mai kamyo biyu, manyan motocin lodi da ke kwasar gyaɗa a ƙauyukanmu. Buhuna, taya, tanon mai, duk a hannunsa suke. Mutum ne mai kyauta, mai son a zo a tambaye shi. A lokacin yaƙin Nasara ya yi aikin shafa wa motocinsu mai, kuma tun daga nan ba a yin zancen inji a zaure ya bar wani ya kai aya. Shi ya haɗa ni da mahaifinku, shofer, wato direban ɗaya daga cikin kamyon Alhaji, ni kuma dama ina leƙensa ta katanga tun kafin a tambaye ni. A kakar da nake ba ku labari ina ɗauke da cikin babbanku, wata bakwai.

Ana tsakiyar kwasar gyaɗa injin mahaifinku ya cije a hanyar Dungu, da lodi a kai. Kafin nan ya yi kwanaki yana ce mini hayaƙin motar na ƙamshin suya, muna dariya, muna cewa ta daɗe tana ɗaukar gyaɗa ne har ta shiga jininta. Aka jawo ta gari. Alhaji ya turo makanike daga Damagaram, ya kwance injin, ya tarar da cikinsa duk wani baƙin danƙo ya toshe hanyoyi, ƙarfe ya ci ƙarfe. Bai yi dogon tunani ba ya yanke hukunci: shofer ya bar inji da ƙishirwa, man da ake ba shi sayarwa yake yi a hanya. Aka karɓe makulli daga hannun mahaifinku. Alhaji ya aiko cewa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zauna a ƙofar mangaza, tare da sauran masu motoci, a ƙare magana. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Masu kamyo a ƙasar nan ba su da yawa, duk sun san juna, kuma shofer ɗin da aka kira ɓarawon mai a gabansu ya gama tuƙi ke nan, daga Damagaram har Kano.

Ran Talata na ɗauko kayan aikinsa zan wanke. Shekara biyu ina fama da rigunan nan, na san tabon man mota ba ya fita, sai dai ka gaji ka shanya shi haka. Ran nan sabuluna ya ƙare, na ɗebo ruwan toka mai zafi na jiƙa rigar da ya sa ranar da ya yi wa motar ƙarin mai. Da na dawo na murza, sai na ji santsi a hannuna, ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono. Na shiga ɗaki na ɗauko ɗan bidon da yake tafiya da shi a mota, na tsiyaya a tukunya, na zuba ruwan toka, na hura wuta. Kafin la'asar rabinsa ya kama ya yi gudaji, rabi yana yawo a sama. Nan take na tuna wanda tun farkon kaka yake aikowa a kwashe duk man gyaɗan da na matse, yana cewa saƙo ne zuwa Damagaram. Man hannuna ne a cikin injin mijina.

Da mahaifinku ya shigo na kai masa tukunyar har gabansa.

"Maigida, man da ke bidon nan daga ina ka ɗura shi?"

"Daga tanon Baffanki mana, ina kuma?"

Na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya ture ta da ƙafa.

"Je ki zubar. Ba ki gani ba, ni ma ban gani ba."

"A kira ka ɓarawo ke nan?"

"A kira. Mutumin da ya ba ni 'ya, ni zan tsaya gaban jama'a in nuna shi da yatsa? Ina da gona a Yauri, zan koma in riƙe fartanya."

"Wanda ke cikina fa? Shi ma ɗan ɓarawon mai za a riƙa ce masa har ya tsufa?"

Ya ɗauki buta ya fita. Kun san shi, Allah ya jiƙansa, kunyar suruki ta fi masa wuyansa nauyi. Ina sonsa a kan wannan hali, amma ranar ji na yi kamar in rufe shi da duka.

Washegari da hantsi na tafi gidanmu. Na sami Baffa a zaure shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani, murya ƙasa-ƙasa don kada na waje su ji. Wallahi ban je da faɗa ba, na je ne da tsammanin zai ce subhanallahi ya tashi ya gyara. Bai ma musa ba.

"To sai me? Mai ai mai ne," in ji shi. "Tano ya yi ƙasa, na Kano bai iso ba, sai in bar motar mutane ta tsaya ana tsakiyar kaka? Lokacin yaƙi da kaya suka yanke, da me kike tsammani Nasara suka yi tafiya? Da hannun nan nawa na ɗura musu man gyaɗa."

"To Baffa, ka faɗa wa Alhaji haka. Kuskure ne, ba sata ba ce. Kowa ya san ba ka ci komai a ciki ba."

"Ni ne zan ce na yi kuskure a kan inji? A gaban yaran da na koya wa riƙe sifana? Mijinki yaro ne, zai sami wani abin yi. Ke kuma tun yaushe mai ƙuli-ƙuli ta san cikin mota? Tashi ki ba ni wuri."

Daga baya makanike ya gaya wa mahaifinku cewa ko a lokacin yaƙin, masu yin haka ba sa barin man ya kwana biyu a inji, zubarwa suke yi su wanke, don man gona in ya sha zafi ya daɗe daskarewa yake yi ya koma danƙo. Baffa ya ga ɗurawar, bai tsaya ya ga zubarwar ba. Wannan ban riƙe shi da shi ba ko kaɗan, kowa na iya yin kuskure. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ya san gaskiya, ya zauna yana cin goro ana shafa wa mijina kashin kaji.

Na shiga cikin gida, Inna ta riga ta ji komai ta bayan zana. Ba ta ce mini na yi ƙarya ba, ita ta koya mini, ta san tukunya ba ta ƙarya. Hannuna ta kama ta kai ni bayan ɗakinta, ta nuna mini tulin itace ya kai ƙirjina.

"Tun watanki uku nake tara shi," ta ce. "Haihuwar fari a gida ake yi. Nan za ki dawo, ni zan dafa miki ruwan wanka kwana arba'in, ni zan dama miki kunun kanwa. Ki kalli itacen nan da kyau, 'yar nan, kafin ki buɗe bakinki."

Na kalle shi. Na yi kuka a wurin har ɗankwalina ya jiƙe, don tsoron haihuwa nake ji, kuma ba ni da wata uwa a duniya sai ita. Na koma gida na ƙona kara, na kafa tukunyar toka, na bar ta tana ɗiga kwana biyu don ruwan ya yi ƙarfi.

Ran Juma'a mutane sun cika inuwar da ke ƙofar mangaza. Alhaji na kan buzu, masu motoci a gefensa, makanike a tsaye, Baffa da makullansa a ɗamara, mahaifinku a tsugune can baya kamar wanda aka kamo da akuya. Sai ga ni, tulu a ka, ƙananan tukwane uku a hannu, ga ciki a gaba. Wani ya ce yau kuma abinci aka kawo wa shari'a, aka bushe da dariya. Mahaifinku ya ɗago ya harare ni, na yi kamar ban gan shi ba. Na durƙusa nesa kaɗan na yi gaisuwa.

"Wace ce wannan?" Alhaji ya tambaya.

Aka ce matar shofer ce, kuma 'yar Isufu.

"Ranka ya daɗe, ni ban san inji ba," na ce. "Mai na sani. A ba ni ludayi ɗaya daga sabon gwangwanin da makanike ya zo da shi, wanda ba a fasa ba. A ba ni ludayi ɗaya daga tanon da ke cikin ɗakin nan. Na gyaɗa na zo da nawa. In abin da zan nuna bai fito ba, a haɗa ni da mijina a kira mu ɓarayi mu biyu."

Baffa ya ce wannan wasan yara ne, a kore ni. Shi kuwa Alhaji ɗan kasuwa ne, injinsa ya mutu, kuma yana da kamyo na biyu da ke shan mai daga tanon nan. Ya dubi Baffa ya ce a buɗe. Ban ambaci sunan kowa ba a wurin, amma ba zan yi muku ƙarya ba, na san tanon wa na ce a buɗe.

Na ari wuta wurin mai tuyar ƙosai da ke gefe, na jera tukwanen a kan duwatsu, kowace da manta da ruwan tokarta. Sabulu ba ya son gaggawa. Na tsuguna ina juyawa da kara, hayaƙi na shiga idona, bayana kamar zai tsinke, ɗan cikin kuma ya zaɓi lokacin ya riƙa harbina. Masu dariya suka gaji suka yi shiru, wasu suka matso. Inuwa ta gusa sosai kafin tukunyar man gyaɗa ta yi kauri ta kama. Ta sabon gwangwani kuwa man na nan a sama, garau, ko gezau. Ta tano ita ce ta rabu biyu, ƙasa gudaji fari-fari, sama mai yana yawo. Na sauke su na jera a gaban buzun Alhaji. Makanike ya tsuguna, ya lakato na tanon da yatsa, ya ɗiga ruwa a tafinsa ya murza. Kumfa ta tashi. Ya kai hanci ya sansana, ya goge hannu a wando.

"Alhaji, akwai man gyaɗa a tanon nan, kuma ba kaɗan ba. Shi ya kashe injin. Na zalunci bawan Allahn nan."

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya juya ya ce, "Isufu?"

Baffa ya miƙe, ya kwance makullan daga ɗamara, ya ajiye su a bakin buzu. Ko Alhaji bai kalla ba, ni ya kalla.

"Ku shaida," ya ce, "daga yau ba ni da 'ya mai suna Rakiya."

Kafin magariba ya sa an raba itacen Inna ga maƙwabta, har tsinke bai bari ba. Mahaifinku ya karɓi makullin ɗaya kamyon bayan an zubar da man cikinsa an wanke, amma kwana tara bai yi mini magana ba, abinci ma sai in ajiye in fita. A ɗakina na haifi babbanku, a hannun wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ban taɓa cin abinci a gidanta ba. Inna ba ta zo ba, an hana ta, ran suna ma babu ko mutum ɗaya daga gidanmu. Mahaifinku ne ya riƙa tsayar da kamyo a daji yana saro itace, ya dawo ya hura wutar ruwan wanka da kansa, abokansa na yi masa tsiya wai shofer ya zama ungozoma. Bai taɓa ce mini na kyauta ba, har ya koma ga Allah. Amma shekara talatin ya yi yana tuƙi, ana ba shi amanar kaya da ta mutane, kuma ba wanda ya taɓa kiran ɗayanku da sunan da na ji muku tsoro.

Baffa ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan nan. Duk Juma'a sai na je ƙofar zaurensa na durƙusa na gaishe shi, duk Juma'a sai ya juya kai ya kalli bango. Ni ban fasa ba, shi bai fasa ba, jini ɗaya ne. Da ciwon ajali ya kama shi ya aika a kira mahaifinku, ya nemi gafararsa, suka yi kuka tare. Ni ina tsakar gida a zaune kusa da Inna, ina jiran a ce in shigo. Ba a ce ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yau bai sake ni ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina yi masa addu'a kowace asuba, don shi ya ciyar da ni ya tufatar da ni, ya rufa mini asiri lokacin da ba ni da kowa. Na so a ce akwai wata hanya da ba ta bi ta kan furfurarsa ba. Na nema, na je har zaurensa na roƙe shi ya bi ta da ƙafarsa, ya ƙi.

Saboda haka, Hadiza, ki koma ki gaya wa wanda ya aiko ki. Jikokin Baffa jinina ne, in sun zo zan shimfiɗa musu tabarma, in yanka musu kaza, in ba su labarin alherin kakansu har su gaji da ji. Amma ba zan tashi a gaban jama'a in ce ƙuruciya ce ba, don in na faɗi haka na mayar da mahaifinku ɓarawo yana cikin kabarinsa. Wanda duk yake shakka a cikinsu ya biya ta shagon Laminu ya ɗebo ludayi ɗaya na man ƙasa, ya taho da tukwane uku. Hannuna na rawa yanzu, amma zan iya riƙe kara in juya, kuma toka ba ta ƙare a Matamaye ba.